Kulu Buruha da Ƙafar Na-Allah

A kasuwar albasa ta Malanbil, can ƙarshen layin rumfuna inda ƙasa ta rine ja saboda ɓawon da aka shekara ana tattakawa, akwai wata tsohuwa mai zama a kan buhun wofi, ƙafafu a miƙe, tsibin albasa a gabanta. Siririya ce, mai dogon wuya, hannunta ba ya hutawa. Ta ɗauki albasa, ta juya ta sau ɗaya tsakanin yatsu, ta jefa dama ko hagu, ko kallonta ba ta yi ba. Sunanta Kulu. 'Yan kasuwa na ce mata Kulu Buruha, kuma ita ce ta raɗa wa kanta sunan.

A Madekali aka haife ta, gidan manoman albasa na bakin gulbi. Allah ya ba wasu murya, ya ba wasu ƙafar rawa, ita hanci ya ba ta. Sauran yara sai sun matsa albasa sun ji ta lotsa kafin su san ta lalace. Kulu kuwa ta gefen rudu kawai za ta wuce, wato ɗakin karan da ake adana albasa, sai ta tsaya ta ce, "Baba, akwai guda can ƙasa, wajen gabas." A tona, a same ta, baƙin ruwa ya fara tsatsowa daga wuyanta. Ubanta ya riƙa dariya yana cewa ya haifi ɗiyar da ta fi kare amfani.

Aure ya kawo ta Malanbil. Mijinta Ɗan'iya mai jirgin fito ne, mutum marar hayaniya, suka haifi ɗiya guda, Munira. Kulu ta shiga cikin matan da ke gyaran albasa a kasuwa, kuma kafin shekara biyu fataken Kotonu da na Kamba sun san ta. In an ɗinke buhuna an jera, mai saye ba ya sa hannu a aljihu sai ya ce, "A kira Kulu." Ta zo, ta bi layin a hankali, tana kai hanci kusa da kowane buhu tana ɗan marinsa kamar mai gaida jaki. "Wanga lahiya. Wanga lahiya. Wanga a kwance shi." In aka kwance, sai a ga abin da ta ce.

A lokacin akwai wani dillali, Na-Allah, wanda ya ƙware wajen ɗinkin buhu. Manya masu sheƙi yake jerawa a hula, wato tulin da ake yi a saman buhu, masu kyau a gindi, ruɓaɓɓu kuma a cusa su tsakiya inda hannu ba ya kai. A kaka ɗaya sau uku Kulu tana sa a kwance buhunansa gaban masu saye. A na ukun wata Bayarabiya ta fasa lodin kamiyo guda, wato babbar mota, ta koma rumfar wani. Na-Allah ya tsaya yana murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Kulu, ashe ke cikin buhu kike gani?"

"Ji dai nikai, malam."

"To, wanda ya ga cikin buhu, ai cikin mutum ba ya gagara tai."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi. Ba ta san iri aka shuka ba.

Da damina ta kankama, ɗan Na-Allah, Issufu, mai shekara biyar, ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Sai labari ya bi gari cewa yaron yana sambatu yana kiran sunan Kulu. Kowa a Malanbil, Bahaushe da Badande, ya san ma'anar wannan: mayya ta kama kurwarsa. Kowa kuma ya san maganin. A kawo wadda ake zargi, ta tsallake marar lafiya sau uku, ta sako abin da ta kama.

Da hantsi Na-Allah da mutanen gari suka zo, ranar kasuwa, sun ɗauko yaron a tabarma, suka shimfiɗe shi a bakin rumfarta. Wasu da sanduna, wasu da duwatsu a ɓoye cikin riga. Ɗan'iya yana kan ruwa. Kulu ta dubi yaron, leɓɓansa sun bushe sun tsage, idonsa ya juye. Tsoro ya kama ta, tausayi ma ya kama ta, har yau ba ta san wanne ya fi yawa ba. Ta ce a ranta, mene ne a cikin tsallake? In bai yi masa magani ba, ai ba zai cuce shi ba. Ta tattare zane, ta ɗaga ƙafar dama. Ɗaya. Biyu. Uku.

Bayan kwana biyu yaron ya tashi zaune ya nemi kunu.

Da ya mutu, da an ce ta cinye shi. Da ya tashi, sai aka ce ta sako shi. Ɗakin da aka tura ta ciki ƙofa biyu gare shi, kuma duk rami ɗaya suke faɗawa.

Daga ranar ba a sake cewa a kira Kulu ba. In ta gilma, mata su ja 'ya'yansu bayan zane suna raɗa, "Kurwata kur, ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa." Ɗan'iya bai sake ta ba, ya dai daina cin tuwonta, abin da ya fi saki zafi. Amma mafi muni shi ne abin da kowa ya yarda da shi, cewa maita a nono ake shan ta. Ke nan ba ita kaɗai aka shafa wa baƙi ba, har da Munira mai shekara shida, da duk wanda Munira za ta shayar, har illa masha Allahu. Kulu ta yi tunanin in ta yi nisa, sunan zai bi ta ya bar yarinyar. Ta kai Munira wurin kakarta a Madekali, ta hau kamiyon albasa zuwa Kotonu. Daga can ta bi wasu mata masu sayar da abinci, suka shiga jirgin teku zuwa Bata, a ƙasar Gini ta masu jin Sifaniyanci.

Shekara ashirin da biyu ta yi a can, goma sha takwas daga ciki a gidan wata tsohuwar Basifaniya, Donya Filar, wadda ta zo ƙasar tun tana budurwa, ta binne miji a can, ta ƙi komawa gida. Kulu tana yi mata girki da wanki. Tsohuwar na fama da ciwon suga, har an yanke mata yatsun ƙafa biyu, don haka kowace safiya Kulu ke wanke ƙafar, ta duba tsakanin yatsu, ta naɗe. Ta san warin wannan ciwo kamar yadda ta san na albasa: wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya kwana uku a ƙasa.

A gidan ne ta fara jin kalmar. Wata rana an kawo ƙwai tire guda, Kulu ta nuna uku ta ce a mayar. Donya Filar ta fasa su don gardama, duk ukun sun lalace. Ta tafa hannu tana ƙyalƙyata dariya, ta ce, "Bruja!" A kunnen Kulu, buruha. Da ta tambayi wani tela Bahaushe ma'anarta, ya ce, "Mayya ke nan." Kulu ta koma gida, ta fara ɗaure kayanta. Ashe har ƙetaren teku abin ya biyo ta.

Tsohuwar ta tare ƙofa da sandarta, ta zaunar da ita, ta yi mata bayani da Sifaniyanci da hannu da ido. Gaskiya ne, buruha ita ce macen da ake cewa tana sihiri, mai tashi sama a kan tsintsiya a tatsuniyoyinsu. In namiji ne buruho, in suna da yawa buruhas. Amma yanzu, in ji ta, a bakin yawancin mutane kalmar ta zama tsohuwar wuƙa da ake yanka burodi da ita. Ana zagin mace mai mugun hali da ita. Ana tsokanar ƙawa da ita in ta canki abin da ke ranka. Ita kanta da ƙawayenta biyu da ke zuwa shan kofi ranar Lahadi, las buruhas suke kiran kansu. Sannan ta daina dariya. Ta ce a zamanin kakannin kakanninsu an ƙone mata da rai a kan wannan suna, matan da laifinsu bai wuce sanin ganye ko kaifin baki ko rashin mai tsaya musu ba. Daga baya kunya ta kama jikoki. Shi ya sa har yau, in jama'a suka taru a kan marar laifi suna neman wanda za su ɗora wa masifarsu, sai a ce ana kasa de buruhas, wato farautar mayu, kuma mafarautan ake zargi da wannan magana, ba wadda aka farauta ba.

Shekara huɗu Kulu tana ɗauke da abin da aka yi mata, ba ta da sunan da za ta kira shi. Ga wasu mutane a wata duniya sun yi irinsa, sun ji kunya, har sun raɗa masa suna. Ta kwance kayanta. Kalmar kuwa ta ƙulle ta a bakin zane, kamar yadda ake ƙulle allura, ba ta san ranar ɗinkinta ba.

Da Donya Filar ta rasu, Kulu ta dawo Malanbil. Shekarar ce aka rufe gadar kan iyaka, albasar Nijar na ƙetarowa a jirage. Uwarta ta rasu, Ɗan'iya ya rasu. Munira ta auri wani baƙo direba, tana sana'ar tuyar masa, wato waina, a bakin tasha, kuma direbobin da ba su san gari ba su kaɗai ke saye. Ɗan gari ko kyauta ba ya karɓa. Ta haifi ɗiya, Rauda, mai shekara takwas, mai dogon wuya irin na kakarta.

Kwana uku da dawowarta aka yi suna a maƙwabta. Kulu ta tsaya daga bakin zaure tana kallo. An zuba wa yara mata shinkafa a babban faranti, sun kewaye shi su bakwai. Rauda ta matso. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ɗaga murya. Uwar gidan ce kawai ta ɗebo a ɗan kwano, ta miƙa mata da murmushi, ta nuna mata gindin bango. Yarinyar ta karɓa ta tafi ta zauna, kamar wadda ta san wurinta tun tuni. Wannan sabawar ce ta ƙona Kulu, ba kwanon ba. Ashe nisan da ta yi bai wanke kome ba, ta dai bar ɗiya da jika suna biyan kuɗin tsallake uku. A nan ta yi rantsuwa: ba za ta shiga kabari ba sai ta ga hannun Rauda a faranti ɗaya da na 'ya'yan mutane, kuma bakin da ya ƙulla abin shi zai kwance shi.

Na-Allah ya zama Alhaji, da magazan, wato sito, ginin siminti mai ƙofar ƙarfe, da tumbi, da kujerar roba a inuwa. Kulu ta shimfiɗa buhunta daidai gabansa, hanya kawai ta raba su. Ta riƙa sayen ragowar albasa tana gyarawa tana kasawa. Da 'yan dako suka fara raɗe-raɗin "mayyar nan ta dawo", sai ta ɗaga kai.

"Kai, ku daina ɓata mani suna. Can inda na hito Buruha aka ce mani."

"Mi ke nan, Inna?"

"Mayya ta, da bakin Nasaran Sifaniya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, sauran kasuwa ta ƙarasa. Kafin la'asar an ce ta je ƙetare ta ƙaro karatu. Kafin Juma'a an ce irin maitar can ba ta jin hayaƙi, ba ta jin rubutu, da tsintsiya take tafiya, ba ta bukatar jirgin fito. Kulu ta ji duka, ba ta gyara wa kowa ba.

Kowace safiya in Na-Allah ya zauna, sai ta gaishe shi, kuma ba ta taɓa ce masa Alhaji ba.

"Na-Allah, an tashi lahiya? Kamar ka ɗan rame."

Sai ya kau da kai. Ya juya kujerarsa gabas, ta matsa buhunta. Ya rataya labule, iska ta riƙa ɗagawa. Shi da ya ƙirƙiro maganar da kansa, shekara da shekaru yana jin ta daga bakin mutane har ta dawo masa a matsayin gaskiya, kamar mai tofa yawu sama ya manta, ya ce ruwa ake yi.

Wata rana basillar ɗinkin buhu ta soke shi a tafin ƙafa. Ƙaramin rauni ne, ya ɗaure da tsumma. Mako biyu bai warke ba. Ya fara ɗingishi, ya fara shan ruwa kamar raƙumi, rigunansa suka yi masa yawa. A mako na uku iska ta taso daga wajen gulbi, ta ratsa magazan ɗinsa, ta ƙetaro hanya. Kulu ta tsaya da albasa a hannu. A ƙarƙashin warin ɓawo da hayaƙin moto da gumin 'yan dako, ga shi nan, mangwaron da ya kwana uku a ƙasa.

Ta san ciwon, ta san maganin, ta san kuma kwana nawa ƙafa ke jira. Kalma uku za ta faɗa, ciwon suga ne, sai a kai shi likita. Ta buɗe baki, sai ta ga ɗan kwanon nan a gindin bango. Ta jefa albasar hagu.

"Na-Allah, yau kam idonka ya faɗa."

Bai je likita ba. Me likita zai yi wa kurwar da ke hannun Buruha? Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka kawo wani mai magani daga Gaya, aka kawo wani daga Kamba, aka yanka baƙin bunsuru. Kwana arba'in Kulu tana gaida kujerarsa, har ranar da kujerar ta wayi gari ba kowa a kanta.

Bayan la'asar wani mutum ya yi sallama a gidan Munira. Ƙaƙƙarfa ne mai gemu, shi ke kula da lodin magazan. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Issufu ne, yaron tabarma.

"Inna, don Allah don Annabi. Baba na mutuwa. Abin da kinka yi mani, ki yi mishi."

"Mi na yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce kin sako ni."

"An ce. Kai ka tuna ka kira sunana?"

"Ban tuna kome ba, Inna. Sai inuwar zanenki da ta wuce bisa kaina."

Munira ta fito daga madafa da ludayi a hannu, idonta ja. "Inna, kada ki tahi. In kin tsallaka ya tashi, mun tabbata. In kin ƙi ya mutu, mun tabbata. Ramin jiya ne, ba su ko canza mishi murfi ba."

"Na san ramin, ni na kwana ciki." Kulu ta juya ga Issufu. "Gobe kasuwa. Ku kawo shi da hantsi, bisa tabarma, ku aje shi inda ya aje ka. Ba cikin ɗaki ba. A ɗaki anka ƙulla, a fili za a kwance."

Washegari kasuwar albasa ta tsaya cik. 'Yan dako suka sauke buhuna, masu kabu-kabu suka kashe moto, matan gyara suka miƙe da ɓawo a zannuwansu. Aka kawo Alhaji Na-Allah a bayan a-kori-kura, aka shimfiɗe shi a ƙasa, a kan jar ƙasar nan. Ya zama rabin kansa. Ƙafar an naɗe ta da farin ƙyalle, ƙudaje na bi. Kulu ta gama albasar da ke hannunta tukuna, ta karkaɗe zane, ta zo ta tsaya a kansa, inuwarta ta rufe masa fuska.

"Na-Allah, ka gane wurin?"

"Kulu, ki ji tsoron Allah."

"Shi nike ji, shi ya sa ban zo da sanda ba. Ku da sanduna kunka zo. Tambaya biyu gare ni. In ka yi ƙarya, in koma ga albasata. Yaron ga, da yana zazzaɓi, ya kira sunana?"

Wani ɗan akuya ya yi kuka can bayan rumfuna. Kulu ta juya kamar za ta tafi.

"Bai kira ba!" Muryar ta fito kamar ta tsohuwar ƙofa. "Bai kira kowa ba. Uwa tai kawai yake kira."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Kai da kake kiran farashi a ji ka har ofishin duwan na bakin iyaka."

Ya sake faɗa. Guna-guni ya bi taron kamar iska cikin karan dawa.

"Ta biyu. Mi ya tashe shi?"

Na-Allah ya rufe ido, hawaye suka gangara cikin kunnuwansa. Ya ce tun jajibirin ranar ya ƙetara da yaron zuwa asibitin Gaya, an yi masa allurar zazzaɓin sauro, an ce a dawo da shi sau biyu, kuma ya mayar da shi a ɓoye. Ya ce lodin kamiyon nan ne ya tsaya masa a rai. Ya ce so ya yi kawai a daina cewa a kira Kulu, bai zaci abin zai kai haka ba.

Issufu, da ke riƙe da kan ubansa, ya zare hannunsa a hankali, ya bar kan ya sauka a tabarma.

Sai ga abin da ba wanda ya zata. Na-Allah ya miƙo hannu ya kama bakin zanenta. "Na faɗi, Kulu. Wancan ƙarya na yi. Amma wanga na yanzu ke ta. Na sani, ina jin ki cikin ƙashina. Tsallaka, don Allah, ko sau guda."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Kulu ta dube shi, ta ga bai san ma abin da ya faɗa ba. Ta fizge zanenta.

"Kun ji shi? Ya gina rijiya don ni, ya faɗa, yana roƙo in zuba mishi ƙasa." Ta ɗaga kai ta bi fuskokin da kallo, da yawa ta san su, wasu da furfura yanzu. "Can inda na zauna, abin da kunka yi mani yana da suna. Farautar buruhas. Kuma in an faɗe shi, ba matar aka zaga ba, masu sanduna aka zaga. Ban kama kurwar kowa ba, mi zan sako? Hanci gare ni, shi kaɗai. Kuma hancin ga ya ce ba kurwa tai ta ruɓe ba, ƙafa tai ta. Ciwon suga ne. Issufu, kwance buhun ga ka gani."

Issufu ya warware ƙyallen. Na kusa suka ja da baya suna toshe hanci. Sama lafiya, tsakiya baƙi ƙirin.

Kulu ba ta tsallaka ba. Ta kewaye tabarmar ta wajen ƙafafu, da faɗi, yadda ko inuwarta ba za ta hau kansa ba, ta koma kan buhunta.

A ranar aka wuce da shi babban asibiti a Faraku. Ya rayu, amma an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce da an zo wata guda kafin nan, da yatsa ɗaya za a cire. Da maganar ta iso gida, Munira ta ajiye kaskon masa ta dubi uwarta.

"Inna, tun yaushe kinka ji warin?"

"Tun mako na uku."

"Kuma kinka yi shiru."

"Na yi."

"Ba ki jin kome?"

Kulu ta dubi tafin hannunta. "Ina ji. Allah zai tambaye ni, kuma ban shirya amsa ba. Amma ƙafa guda na ɗaga don ɗansa, ta ci mani shekara ashirin da biyu, ta ci ƙuruciyarki. Guda anka cire mishi. Ban ga an yi rara ba."

Suna ba ya wankuwa rana ɗaya. Har yau akwai tsofaffin da ke raɗa "kurwata kur" in ta wuce, akwai masu cewa ai Buruha ko ba ta tsallaka ba tana iya sakin mutum da ido. Amma mako guda bayan an dawo da Na-Allah, Issufu ya zo bakin tasha da rana tsaka, ya zauna a bencin Munira, ya sayi masa, ya ci a hankali yana fuskantar hanya don kowa ya gani. Kashegari 'yan dakonsa suka zo. Da wani farke daga Kotonu ya yi shakkar wani lodi, sai aka ji wata murya daga cikin rumfuna, da ɗan jin kunya, ta ce, "A kira Kulu."

Da matar Issufu ta haihu, aka aiko gidan Munira da goron suna. Kulu ta tafi, ta tsaya a bakin zaure kamar wancan karon. Na-Allah na zaune a inuwa, sandunan ƙarfe jingine da bango, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Aka fito da babban faranti, yara mata suka kewaye shi. Rauda ta tsaya daga gefe tana jiran ɗan kwanonta. Ba a kawo ba. Wata yarinya ta matsa ta buɗe mata wuri, ta ce, "Ke, zo mana, za su cinye naman."

Rauda ta waiwayo ta dubi kakarta. Kulu ta ɗaga mata haɓa. Sai da ta ga hannun ya shiga shinkafa ya fito, ya sake komawa, sannan ta juya wajen inuwa.

"Alhaji," in ji ta, karo na farko a rayuwarta, "an tashi lahiya? Ka yi ƙiba."